Jirgin Ƙasa A Tafin Hannu: Tarihin Kawunan Dizal Na Gwaji, Da Rabon Daura A Ciki

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin nan domin waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba, da waɗanda dama sun fi son karatu a kan sauraro.

Yau maganar jirgin ƙasa za mu yi, amma ta wata ƙofa za mu shiga. A Ingila da Jamus da Amurka da Japan akwai mutane, wasunsu dattawa da furfura, waɗanda abin sha'awarsu a duniya shi ne tara ƙananan jiragen ƙasa. Za ka ga mutum ya ware ɗaki guda a gidansa, ya shimfiɗa ɗan layin dogo a kan tebur, ya gina tasha da gada da tankin ruwa, ya jona wuta, ɗan jirgi yana ta zagayawa. A cikinsu kuma akwai wasu da suka fi kowa naci. Su abin da suke nema shi ne samfurin kawunan jirgi na gwaji, wato irin waɗanda kamfani ya ƙera guda ɗaya ko biyu don ya ga ko dabararsa za ta yi aiki, daga baya aka yanka su aka sayar da ƙarfen.

Na san wani zai ce, to mu a Daura ina ruwanmu da wasan Turawa? Ku biyo ni a hankali, za ku ga inda maganar ta biyo ta ƙofar gidanmu.

Mu fara da gida. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912. Daga Baro aka taso da shi, a bakin kogin Kwara, zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan layin dogo ne. Talakawan ƙasar Nufe da Zazzau da Kano su suka haƙa ƙasa suka ɗauki ƙarfe, da yawansu ta hanyar aikin tilas. Turawa auduga suke hange, don masaƙun Ingila, sai manoma da fatake suka nuna musu cewa gyaɗa ce ke da kuɗi. Daga nan ne sunan Alhassan Ɗantata ya cika ƙasa, daga nan ne kuma aka samu dalar gyaɗa.

A wannan shekara ta 1911 ne Sarkin Daura Abdurrahman ya hau gadon sarauta, ya kuma yi mulki har 1966. Ku duba abin da ya faru a tsawon zamaninsa. A 1929 aka kai layi daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ta yammacinmu ke nan. A 1930 aka kai wani daga Kano zuwa Nguru, ya bi ta Malam Madori, ta gabashinmu. A 1964 layi ya kai har Maiduguri. Daura tana tsakiya, ba ta samu ko taku ɗaya ba. Gyaɗar ƙasar Daura a kan jaki da raƙumi, daga baya a kan manyan motoci, take tafiya kafin ta ga tasha. Kakanninmu sun biya jirgi kuɗin dako shekara da shekaru, amma ba su taɓa jin kukansa daga gida ba.

To waɗancan jiragen na farko duk na tururi ne, kuma jirgin tururi abu biyu yake ci: kwal da ruwa. Ana hura wuta, ruwa ya tafasa, tururin ya tura ƙafafun. Kwal ɗin daga Inugu ake ɗauko shi, ɗaruruwan kilomita, a cikin taragun da ya kamata a ce kayan kasuwa suka ɗauka. Ruwa kuwa dole a tsaya a sha a tashoshi, shi ya sa kuke ganin tsofaffin tankuna a gefen layi. Yanzu ka ɗauko wannan ƙishirwa ka kawo ta Arewa a watan Afrilu, lokacin da rijiyoyi suka ja baya. Mu da tarihin garinmu ya ginu a kan rijiyar Kusugu, ba sai an yi mana dogon bayani a kan tsadar ruwa ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya ƙara tsananta, kawunan jirgi sun tsufa, gyaɗa ta taru a Kano an kasa kwashe ta. Wani ɓangare na tsawon dalar nan da muke alfahari da ita a hotuna, gazawar jirgi ce ta gina shi.

Maganin wannan matsala shi ne dizal, amma ba a dare ɗaya aka same shi ba. A 1912, shekarar da aka buɗe tashar Kano ga jama'a, kamfanin Sulzer tare da Rudolf Diesel, mutumin da injin ya ci sunansa, suka fito da babban kan jirgi mai amfani da dizal, aka gwada shi a Suwizalan aka kai shi Jamus. Bai yi nasara ba. Dalili kuwa mai sauƙin ganewa ne ga duk wanda ya taɓa tuƙa mota. Injin dizal ba ya da ƙarfi sai yana juyawa, shi kuwa jirgi yana buƙatar mafi girman ƙarfinsa ne a lokacin da yake tsaye cik da nauyin taragu a bayansa. Su kuma sun haɗa injin kai tsaye da ƙafafun, kamar a ce ka tayar da tirela cike da siminti a giya ta ƙarshe.

Dabarar da ta ci nasara daga baya ita ce a sa injin ya juya janareto, wutar da aka samu ta tafi ga wasu motoci na lantarki da ke jikin ƙafafun. Wato kan jirgin dizal, in ka duba da kyau, janareto ne babba da ke tafe da kansa. A 1924 wani injiniyan Rasha, Yuri Lomonosov, ya jagoranci ƙera irin wannan a Jamus domin Tarayyar Sobiyet, daga baya aka kai shi aiki yankin Ashgabat, ƙasar hamada da ƙarancin ruwa. Kun ga matsalarsu da tamu iri ɗaya ce.

Yanzu mu je Ingila, domin daga can namu suka fito, kuma a can ne aka fi yin gwaje-gwajen da masu tara samfuri suke hauka a kansu. Zan kawo muku guda huɗu.

Na farko shi ne mai lamba 10000. A garin Derby aka ƙera shi, ya fito a watan Disamba 1947, ƙarƙashin injiniya H. G. Ivatt, da injin kamfanin English Electric mai ƙarfin doki 1,600, kamar yadda ake auna ƙarfin inji. Shi da ɗan'uwansa 10001 su suka fara nuna wa Ingila cewa dizal zai iya jan manyan jiragen fasinja. Sakayyar da aka yi musu ita ce a 1968 aka yanka su duka biyun. Yau akwai ƙungiyar 'yan sa-kai da ke tara kuɗi da tsofaffin sassa don su sake gina 10000 da girmansa na asali. Abin da aka zubar a banza, yanzu da kuɗi da gumi ake nemansa.

Na biyu shi ne mai lamba 10100, wanda ake kira Fell, da sunan wani hafsan soja da ya kawo dabarar. Shi cewa ya yi a bar janareto, a sa manyan injuna huɗu, a haɗa su da giya mai sarƙaƙiya, jirgi ya tashi da inji ɗaya, yana ƙara gudu ana shigo da sauran ɗaya bayan ɗaya. A takarda abin gwanin sha'awa. A kan layi kuwa ya sha zaman gareji, har ya kama wuta a tashar Manchester a 1958, aka yanka shi a 1960. Ba a sake yin irinsa ba.

Na uku shi ne Deltic, wanda English Electric ya ƙera da kuɗinsa a 1955. Inji biyu aka sa masa irin na jiragen ruwan yaƙi, masu siffar kusurwa uku, jimillar ƙarfin doki 3,300. Shuɗi ne, da wasu zane-zane a goshi kamar gashin baki. Wannan ya ci jarrabawa, domin an yi odar guda 22 a kan tsarinsa. Shi kuma ya yi sa'a, a 1963 aka kai shi gidan tarihin kimiyya na Landan, har gobe yana nan ana zuwa kallonsa a arewacin Ingila.

Na huɗu shi ne Kestrel na kamfanin Brush, mai ƙarfin doki 4,000, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1960. Ƙarfi kam akwai, amma ya yi wa layin Ingila nauyi. A 1971 aka sayar wa Tarayyar Sobiyet, a can ya ƙare, aka yanka shi.

To a cikin huɗun nan, ɗaya kaɗai ya tsira. Sauran ukun, in kana so ka ga siffarsu ta kowane gefe, ka ɗaga ka juya, sai dai a samfuri. Kamfanin Heljan na ƙasar Denmak ya yi na Kestrel, Bachmann ya yi na Deltic domin gidan tarihin jiragen ƙasa na York. Kuma kada ku ɗauka abin wasan yara ne irin na kasuwa. Ma'auni ake bi. Wanda aka fi amfani da shi a Ingila ana kiransa OO, kashi ɗaya cikin 76. Ma'ana, kan jirgi mai tsawon mita 19 zai dawo santimita 25, ƙofa da taga da fitila da matakala kowanne ya ragu daidai da wannan lissafi. A yawancin duniya kuma HO ake bi, kashi ɗaya cikin 87. Kafin a yi samfurin abin da ya ɓace, sai an tono zanen injiniyoyi, an tara tsofaffin hotuna, an nemi tsofaffin direbobi an tambaye su. In aka yi kuskuren taga ɗaya, masu saye za su yi ta ƙorafi har kamfani ya ji kunya. A wajen wannan naci ne ake adana tarihin da hukuma ta yar.

Mu dawo Najeriya. A shekarar nan ta 1955 da aka yi Deltic, a ita aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, a ita kuma kamfanin nan dai na English Electric ya ƙera mana manyan kawunan dizal na farko, guda goma, masu lamba daga 1001, kowanne da ƙarfin doki 750. A wajenmu su ne gwajin. Da su aka ga yadda dizal zai yi da ƙurar hunturu da zafin bazara. Direba ya huta da toka, ba a tsayawa shan ruwa, ba a jiran taragun kwal. Daga nan aka ci gaba da sayowa daga Ingila da Amurka da Kanada da Japan, tururi ya yi ta ja baya har ya ɓace.

Tambayar da nake so mu riƙe ita ce, wa ya adana mana siffar waɗannan? Ga wani abu da zai ba ku mamaki. Ƙasar Niyu Zilan tana da faɗin layi irin na tsohon layinmu, milimita 1,067, kuma English Electric ya yi musu kawuna masu kama da namu na 1001 ƙwarai, suna kiransu DE. Su can sun ajiye wasu suna nan da rai, kuma masu samfuri a ƙasar sun daɗe da gano lissafin da ya dace da irin wannan layi: in ka rage shi kashi ɗaya cikin 64, zai zauna daidai a kan ɗan layin da ake sayarwa a kanti mai faɗin milimita 16.5. Wato hanyar a buɗe take, wasu sun riga sun share ta.

Mu kuwa fa? Akwai abin yabawa kaɗan. A Ebute Metta ta Legas akwai gidan Jaekel, tsohon gidan ma'aikatan reluwe da aka mayar ɗan gidan tarihi. A gidan tarihi na Jos akwai ragowar ƙaramin jirgin nan da ya yi zirga-zirga tsakanin Zariya da Jos daga 1914 zuwa 1957. Amma duk wanda ya leƙa tsofaffin tashoshinmu ya san sauran labarin: kawuna da taragu a cikin ciyawa, tsatsa na ci, 'yan gwangwan na jira. Ƙarfe in ya shiga tukunyar narkarwa ya tafi ke nan. In ba a auna shi ba, ba a ɗauki hotonsa ba, jikokinmu sai dai su ji a baki.

Abin da ke ba ni takaici kuma yake ba ni fata a lokaci guda shi ne, mu ba baƙin wannan sana'a ba ne. Wane ne a cikinmu bai san motar kara ba? Bayan an yi girbi, yaro zai samu karan dawa, ya ɓare bayan, ya yanka tsakiyar, ya soke ya haɗa, sai ga mota da ƙofa da kujeru. Wanda ya ƙware ya koma langa-langa da gwangwanin madara, ya yanko taya daga tsohon silifas, ya sa dogon sitiyari yana tuƙawa a tsaye. Wasu har fitila suke sawa da batir. Kuma ku tuna, abin da yaro ya gani shi yake ƙerawa. Yaran Daura manyan motocin da ke bin hanyar Kano da Kwangwalam suke kwaikwaya, domin su suke wucewa ta gabansu. Yaron da ya tashi a gefen tasha a Zariya ko Funtuwa shi yake da damar ƙera jirgi.

Bambancin mai motar kara da Baturen da ke da ɗakin jirage abu ɗaya ne, awo. Yaronmu da ido yake aunawa, kuma idonsa na da kyau. Ranar da aka miƙa masa abin awo aka ce masa raba wannan tsawon gida 64, ranar ya shiga ajin injiniya ko bai sani ba. Sai dai sau nawa muka ga an kori yaro daga wannan aiki, an ce yana tara shara a gida, ko yana ɓata lokacin karatu? Alhali lissafin da yake gudu a allo shi ne a hannunsa.

Yanzu ga inda zance ya iso ƙofar gida. A watan Disamba 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a nan Daura, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya ɗauki nauyin ginawa. A watan Fabrairu 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 284, a hannun kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Zai bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya, ya tsallaka Nijar. Faɗinsa milimita 1,435 ne, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, ya fi tsohon layi faɗi. Abin da Daura ta jira tun 1911, sama da shekara ɗari, shi ne ake shimfiɗawa.

To amma darasin tarihin da na karanto muku shi ne wannan. Ingila ba ta iya ƙera kan jirgi don komai nata ya yi nasara ba. Fell ya ƙone, Kestrel ya yi nauyi, na Jamus na 1912 ya kasa. Amma kowanne ya bar zane da rahoto da mutanen da suka koyi wani abu, na baya ya ɗora a kai. Hausawa suka ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Mu kuwa tun 1955 saye muke yi. In ya lalace mu jira kayan gyara daga waje, in ba su zo ba mu tura shi cikin ciyawa mu ciyo bashi mu sayo sabo. In ba mu canza ba, sabon layin ma haka za a yi, jirgi zai ratsa Daura, amma duk ƙusar da ke jikinsa sai an tambayi wani kafin a taɓa ta.

Shi ya sa nake da shawara uku, kuma ba masu tsada ba ne. Ta farko ga ɗaliban jami'ar nan tamu da na sauran makarantun fasaha: ku nemi izinin hukuma ku je Zariya da Kano da Kafanchan, ku auna tsofaffin kawunan da suka rage, ku ɗauki hotonsu gaba da baya da gefe, ku rubuta lambobinsu. Wayar da ke aljihunku da abin awo na tela sun isa a fara. Ta biyu, ku nemi tsofaffin ma'aikatan reluwe, direbobi da makanikai da masu ba da hannu, ku naɗi muryarsu tun suna raye. Duk dattijon da ya rasu a cikinsu, da littafi guda ya tafi. Ta uku ga malaman firamare da sakandare da iyaye: a riƙa shirya wa yara gasar ƙera samfuri, da sharaɗin kowa ya faɗi ma'aunin da ya bi. In tashar Daura ta buɗe, me zai hana a samu akwatin gilashi a zaurenta, da samfurin kan jirgi mai lamba 1001 wanda 'ya'yan garin suka ƙera da hannunsu?

A nan za mu dakata a yau. Ina so in ji daga gare ku a ƙasan wannan rubutu. Wa ya taɓa yin motar kara ko ta langa-langa, kuma wace iri ya fi ƙwarewa a kai? Wa yake da kaka ko uba da ya yi aikin reluwe? In akwai tsohon hoto a gida, na tasha ko na jirgi, a ɗauka a turo mana tare da sunan garin da shekarar in an sani. A tura wa abokai su ma su karanta.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka shimfiɗa layin farko da guminsu, Ya sa wannan sabon ya zama alheri ga Daura da Katsina da Maraɗi baki ɗaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.